Allon kwafi na tarayya: wanne ya dace da na'urorinka, wanne ya dace da abokan aikinka

Adireshin shafin yana cikin wayata, aikin kuma yana kan wata kwamfutar aro da ke gabana. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kamu ɗaya ba. Na zauna ina kallon waya ina buga haruffa ɗaya bayan ɗaya, wata doguwar jela ta haruffa da lambobi a cakuɗe, kuma sau uku kwamfutar tana ce mini babu wannan shafi. Sai a karo na huɗu na gane ashe abin da nake ɗauka harafin O sifili ne, ƙaramin l kuma lamba 1 ce. Da a cikin na'ura ɗaya ne, dannawa biyu ta wadatar: in kwafa, in liƙa. Amma da yake na'urori biyu ne, sai da na ɓata kusan minti goma.

Irin wannan ƙaramar wahala ce ta haifar da tunanin allon kwafi na tarayya a intanet. Shafi ne guda ɗaya: ka buɗe shi a na'urar farko ka liƙa abin da ka kwafa, ka buɗe shi a ta biyu ka ɗauka. Idan ka ba abokin aikinka adireshin, shi ma ya ɗauka ko ya ƙara nasa. Ba sai ka girka wata manhaja ba, ba sai ka nemi kebul ba, kuma babu ruwan shafin da ko Windows kake amfani da ita ko Mac ko Linux ko Android. Ina son wannan tunani ƙwarai. Sai dai ba shi kaɗai ke fagen ba, kuma akwai wuraren da wasu hanyoyin suka fi shi nesa ba kusa ba. Wanda zai zaɓa ya kamata ya ga kowace hanya a inda take da ƙarfi da inda take da rauni.

Da farko, mene ne shi kansa allon kwafin? Wani ɗan wuri ne a ƙwaƙwalwar na'ura inda abin da ka kwafa yake jira kafin ka liƙa shi. Larry Tesler da Tim Mott ne suka fito da salon yankewa da kwafa da liƙawa kamar yadda muka san shi, a cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Amurka, cikin shekarun 1970, a wata manhajar rubutu mai suna Gypsy. Daga baya kwamfutocin Apple, wato Lisa a 1983 da Macintosh a 1984, suka kai shi hannun jama'a. Sunan allo ya dace da shi, domin ana rubutu a kansa ne don a wanke: da zarar ka kwafi sabon abu, tsohon ya tafi. An tsara shi don mutum ɗaya, a na'ura ɗaya, abu ɗaya a lokaci guda. Shi ya sa muke zuba masa komai ba tare da tunani ba: kalmar sirri, lambar asusun banki, saƙon da muka rubuta cikin fushi muka yanke muka fasa aikawa. Mun saba babu mai leƙa shi.

Akwai kuma wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Idan ka kwafi sakin layi daga wani shafi, allon ba siga ɗaya yake riƙewa ba. Yana riƙe rubutun zalla, yana kuma riƙe shi da adonsa, wato kauri da launi da tebur da mahaɗai, sai manhajar da za ka liƙa a ciki ta zaɓi wadda take so. Da yawa daga hanyoyin tsallakar da kwafi daga wannan na'ura zuwa waccan rubutun zalla kawai suke ɗauka. In aikinka na tebura ne ko hotuna, wannan kaɗai ya isa ya fitar da wasu daga lissafi.

Ni a ganina buƙatu biyu ne mabambanta ake cusawa cikin suna ɗaya. Ta farko ita ce ni da ni: wayata da kwamfutata, ko kwamfutar aiki da ta gida. Ta biyu ita ce ni da wani: abokin aiki, ɗalibi, wanda nake taya gyaran na'ura daga nesa. A ta farko, abin da ake so shi ne kwafin ya tsallaka da kansa ba tare da ka ɗaga yatsa ba. A ta biyu, wannan tsallakawar ta kai tsaye ita ce babban haɗari. Wanda ya raba waɗannan biyun ya yi rabin zaɓin.

Mu fara da ni da ni, da kuma abin da ya riga ya zo cikin na'urar.

Apple ta kawo Universal Clipboard a 2016, tare da macOS Sierra da iOS 10. Sharuɗansa a bayyane suke: na'urorin su kasance a kan asusun Apple ɗaya, Wi-Fi da Bluetooth da Handoff (saitin Apple na miƙa aiki daga wata na'ura zuwa wata) a kunne, kuma suna kusa da juna, kimanin mita 10. Ka kwafa a iPhone, ka liƙa a Mac, shi ke nan. Yana ɗaukar rubutu da hoto da bidiyo, kuma abin da ka kwafa ɗan gajeren lokaci yake zama a shirye kafin ya janye. Ga wanda duk kayansa na Apple ne, ban ga dalilin neman wani abu ba. Amma ranar da wayar Android ko kwamfutar Windows ta shigo lissafin, ƙofar a rufe take. Ba kuma a yi shi don mutum biyu ba, tunda sai an haɗa asusu, kuma haɗa asusun Apple da abokin aiki ya fi ƙarfin maganar kwafi: hotuna da saƙonni da kalmomin sirri duk suna iya biyo baya.

Microsoft ta bi wata hanyar. Tun sabuntawar Windows 10 ta Oktoba 2018, idan ka danna maɓallin Windows tare da V za ka ga tarihin abubuwan da ka kwafa, har guda 25, kowanne bai wuce megabait 4 ba. Tarihin yana gogewa idan ka sake kunna kwamfutar, sai waɗanda ka maƙale da gangan. Kana kuma iya kunna daidaitawa tsakanin na'urorin da ke kan asusun Microsoft ɗaya, har da wayar Android idan kana rubutu da madannan SwiftKey. Bambancinsa da na Apple shi ne ba ya buƙatar kusanci: kwamfutar ofis da ta gida za su ga kwafin juna ko da gari ya raba su. Abin da ka biya a madadin haka shi ne kwafin yana bi ta kwamfutocin kamfanin, kuma dole da intanet. Akwai zaɓi biyu a saitin, ko ya tura duk abin da ka kwafa da kansa, ko sai wanda ka zaɓa ka tura. Na biyun nake ba kowa shawara, ko da ya ƙara maka dannawa ɗaya.

Ga mai kaya gauraye, misali wayar Android da kwamfutar Linux, ko iPhone da Windows, manhajar KDE Connect ce nake fara ambata. An fara ta a 2013, kyauta ce, lambobin da aka rubuta ta da su, wato umarnin da ke cikinta, a buɗe suke ga mai son dubawa, kuma ba ta neman asusu. Na'urorin biyu su hau Wi-Fi ɗaya, ka haɗa su sau ɗaya da amincewarka, daga nan suna magana kai tsaye ta hanya a kulle, ba tare da bayanan sun fita waje ba. Ko intanet ta ɗauke, muddin na'urar Wi-Fi tana aiki, kwafin yana tsallakawa. Tana da cikas biyu da ya kamata a sani. Tun Android 10, a 2019, Google ta hana manhajojin da ke aiki a bayan fage karanta allon kwafi, saboda haka daga kwamfuta zuwa waya abin yana tafiya da kansa, amma daga waya zuwa kwamfuta yawanci sai ka danna maɓallin turawa. Na biyu, Wi-Fi na wuraren jama'a da na manyan ofisoshi sau da yawa yana hana na'urori ganin juna, sai ka ga komai daidai amma wayar ta ƙi bayyana.

Akwai dangin manhajojin da ke sa madannai ɗaya da linzami ɗaya su yi aiki a kwamfutoci da yawa, irin su Synergy da Barrier da Mouse Without Borders, wadda ke haɗa har kwamfutoci huɗu na Windows. Allon kwafi yana bin linzamin duk inda ya je. Ga mai kwamfutoci biyu a kan tebur ɗaya, daɗinsu ba ya misaltuwa. Ga wanda ba haka yake ba, ba su da abin da za su yi masa.

Sai hanyar da kusan kowa ke bi ba tare da ya kira ta da wani suna ba: tura wa kai saƙo. Telegram tana da wurin adana saƙonni, Signal tana da rubuta wa kai, WhatsApp ma ta ƙara nata a ƙarshen 2022, ga kuma tsohuwar dabarar aika wa kai imel. Ba na raina wannan hanya. Tana hannu, tana aiki daga ko'ina, tana ɗaukar manyan fayiloli, kuma abin da ka tura yana nan gobe da jibi. Amma wannan zaman nasa shi ne matsalar farko: allo ne da ba a wankewa. Kalmar sirrin da ka tura wa kanka bara don ka shiga wani shafi tana nan kwance, tana jiran duk wanda ya ɗauki wayar a buɗe. Matsala ta biyu ita ce manhajojin hira suna taɓa abin da ka tura. WhatsApp tana ɗaukar alamar tauraro a matsayin umarnin kaurara rubutu, ƙaramin layin ƙasa kuma umarnin karkata shi, don haka layin umarnin kwamfuta na iya isa da gurɓataccen kamanni. Hoto ma ana matse shi sai in ka tura shi a matsayin takarda. Ta uku ta shafi sirri: saƙonnin Signal da WhatsApp a kulle suke daga hannun mai aikawa zuwa hannun mai karɓa, amma saƙonnin Telegram na yau da kullum, har da waɗanda ka adana wa kanka, suna zaune ne a kwamfutocin kamfanin ba da irin wannan kulle ba. Ta huɗu kuwa ita ce wadda ta fi damuna. Don ka ɗauki layi ɗaya a kwamfutar aro, sai ka buɗe mata duk hirarrakinka. Kowa ya san mutumin da ya tashi ya manta bai fita ba.

Yanzu mu zo ga ni da wani, inda na taɓa ƙonewa.

Mu uku muke gyaran wani dogon rahoto a ɗaki ɗaya, kowa da kwamfutarsa. Muna ta miƙa wa juna sakin layi da lambobi, sai ɗayanmu ya kawo shawarar mu haɗa kwamfutocin da wata manhaja da ke mayar da allunanmu ɗaya. Ranar farko abin ya yi armashi. Rana ta biyu na kwafi wani sakin layi, kafin in kai inda zan liƙa shi abokiyar aikina ta kwafi sunan wani tebur, nawa ya shafe, na liƙa nata a tsakiyar shafi ban lura ba sai da muka zo karantawa. Wannan mai sauƙi ne. Da la'asar na buɗe ma'ajiyar kalmomin sirrina na kwafi ta imel don in duba wani saƙo. Ban kai ga liƙawa ba ta ɗago kai ta ce, "Malam, wannan abin da ya faɗo cikin takardata ba naka ba ne?" Na leƙa. Kalmar sirrina ce, baro-baro, a tsakiyar babi na uku. Ta goge nan take, ni kuma na canza ta kafin in tashi daga kujerar. Manhajar ba ta yi laifi ba, abin da muka ce ta yi shi ta yi. Mu ne muka ɗauki abin da aka yi don mutum ɗaya muka shimfiɗa shi a tsakar ɗaki. Ma'ajiyar kalmomin sirri irin KeePass tana wanke allo bayan daƙiƙa 12, amma allon na'urarka take wankewa. Abin da ya riga ya tsallaka zuwa wata kwamfutar ya fita daga hannunta.

A nan ne allon intanet yake nuna fifikonsa, kuma fifikon ya fito ne daga abin da mutane ke ɗauka rauninsa ne. Burauza ba ta barin shafi ya riƙa leƙen allon kwafinka yadda ya ga dama. Kafin shafi ya karanta, dole ya kasance a kan amintacciyar hanya ta HTTPS, dole shi ne a gabanka a buɗe, kuma dole sai da izininka ko da wani motsi daga hannunka. An yi haka da dalili. A 2020 masu bincike biyu, Talal Haj Bakry da Tommy Mysk, sun nuna cewa manhajojin iPhone da dama suna karanta allon kwafi ba tare da mai waya ya sani ba, kuma iOS 14 da ta fito a shekarar ta fara nuna sanarwa duk lokacin da wata manhaja ta yi haka. Android 12 ta biyo da irin wannan sanarwa. Iska tana kaɗawa ne wajen tsananta tsaro. Saboda haka duk wanda ya yi maka alkawarin shafin intanet zalla da zai riƙa kwashe kwafinka da kansa yana bayan fage, ko dai akwai wata ƙarin manhaja da zai sa ka girka, ko kuma alkawarin ya fi ƙarfinsa.

Ma'anar wannan a aikace ita ce ƙarin matakai biyu: ka je shafin ka liƙa, ɗan'uwanka ya je shafin ya kwafa. Tsakanin na'urorinka, waɗannan matakan gajiya ce kawai, kuma in sau hamsin kake yi a rana za ka gaji. Tsakaninka da wani, su ne ƙofar ɗakinka. Babu abin da zai fita sai wanda ka ɗauka da hannunka ka ajiye. Da irin wannan allo muka yi amfani a ranar rahoton, da kalmar sirrina ba ta bar kwamfutata ba.

Sai dai allunan intanet ba ɗaya suke ba, kuma bambancin da ke tsakaninsu ya fi wanda ke tsakanin Apple da Microsoft girma.

Mafi sauƙi su ne waɗanda kai ne ke raɗa wa allon suna a ƙarshen adireshi. Sauƙinsu ba ya da na biyu: ka faɗa wa mutum sunan da baki, ya buga, ya gani. Amma sunan da ke da sauƙin faɗa yana da sauƙin cinka. In ka sa masa suna "aiki" ko "gwaji" ko 1234, ka sani ba kai kaɗai ne ka yi wannan tunanin ba a faɗin duniya. Sai shafukan ajiye rubutu irin Pastebin, wanda ke nan tun 2002, da Gist na GitHub, dandalin masu rubuta manhaja, wanda ya zo a 2008. Waɗannan an yi su ne don yaɗawa. Abin da ka ajiye a fili kowa na iya gani, har injinan bincike. Wanda Gist ke kira na sirri ma ba a kulle yake ba, ɓoye shi kawai aka yi daga jeri, duk mai adireshin zai buɗe. Sun dace da guntun lambobin manhaja ko bayanin matsala da kake son a taya ka dubawa, bayan ka cire duk wani abu na sirri daga ciki.

Na uku su ne masu kulle rubutun tun a cikin burauzarka kafin ya fita, kuma PrivateBin ne misalin da ya fi fitowa fili. Dabararsa tana burge ni. Burauzarka ce ke ƙirƙirar makulli, ta kulle rubutun da tsarin AES mai bit 256, ta aika kullallen zuwa sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Makullin kuma ana maƙala shi a ƙarshen adireshin, bayan alamar #. Bisa ƙa'idar yadda burauza ke aiki, abin da ke bayan wannan alama ba a tura shi zuwa sabar. Mai shafin yana riƙe da akwati, amma makullin yana hannun wanda ka ba cikakken adireshin. Kana iya sa wa rubutun wa'adi, daga minti biyar zuwa sama, ko ka ce ya ƙone da zarar an karanta shi sau ɗaya, ko ka ƙara masa kalmar sirri. Gaskiyar da ba za a ɓoye ba ita ce har yanzu akwai amana a ciki, domin shafin ne ke miƙa wa burauzarka lambobin da ke yin kullewar, kuma mugun mai shafi na iya miƙa gurɓatattu. Shi ya sa ƙungiyar da ke da mai kula mata da na'urori ta fi samun kwanciyar hankali idan ta girka nata a sabarta. Abu ne mai yiwuwa, tunda manhajar kyauta ce kuma ba ta da nauyi.

PrivateBin yana da iyaka guda: rubutu ɗaya, adireshi ɗaya, ba a gyarawa. Ga mutanen da za su wuni suna miƙa wa juna abubuwa, wannan ya zama aiki. A nan faifan rubutu na tare ya fi, irin Etherpad, wanda ya fito a 2008, Google ta saye shi a 2009 sannan ta saki lambobinsa ga jama'a, ko CryptPad na wani kamfanin Faransa, wanda ya haɗa rubutun tare da kullewa a burauza. Kowa yana liƙa nasa a ƙasan na wani, babu mai shafe na ɗan'uwansa, kuma a Etherpad launin rubutu yana nuna wanda ya rubuta. Takardar Google Docs da aka keɓe don wannan ma tana yi, muddin kowa yana da hanyar shiga, sai dai manhajojin rubutu masu ado kan mayar da alamomin zance miƙaƙƙu su zama lanƙwasassu, wanda ke lalata layin umarni.

Duk wanda ke tunanin gina sabon allo na tarayya, ko zaɓen ɗaya daga cikin waɗanda ake da su, zai ci karo da wani ƙulli da na fara labarina da shi. Kafin ka ɗauki abu a na'ura ta biyu, dole ka buɗe allon a can, wato dole ka buga adireshinsa. Adireshi mai tsaro dogo ne, kuma bugun dogon adireshi shi ne wahalar da muke gudu tun farko. Gajere kuma ana cinkarsa: lamba mai gurbi 4 hanyoyi 10,000 kacal gare ta, mai gurbi 6 miliyan 1, kuma na'ura ba ta gajiya da gwaji. Mafita mai kyau ita ce gajeriyar lamba mai gajeren rai, wadda aikinta kawai ta haɗa na'urorin biyu sannan ta mutu, tare da iyakance yawan gwaji. PairDrop, alal misali, wani shafin tura abubuwa tsakanin na'urori, yana haɗa su da lamba mai gurbi 6 ko da hoton QR, kuma yana ƙoƙarin tura abin kai tsaye daga burauza zuwa burauza ta fasahar WebRTC. Hoton QR yana da daɗi idan daga fuskar kwamfuta ne zuwa waya, amma idan daga waya ne zuwa kwamfutar da ba ta da kyamara, ba shi da amfani, sai lambar. Allon da bai warware wannan ƙulli ba, komai kyan fuskarsa, bai gama aikinsa ba.

Akwai ƙananan tarkuna biyu kuma. Wasu manhajojin hira suna buɗe adireshin da ka tura don su nuna ɗan hotonsa, kuma a allo maras dabara wannan buɗewar na iya ƙona rubutun da aka ce a karanta sau ɗaya kafin mai shi ya gani. Sannan a kwamfutar aro, cikakken adireshin, har da makullin da ke jelarsa, yana zama a tarihin burauza. Buɗe shi a tagar sirri ka rufe ta bayan ka gama, ko ka sa wa rubutun gajeren wa'adi.

Duk maganar da na yi zuwa yanzu ta abin da ke fita ce. Abin da ke shigowa ma yana da nasa haɗarin, kuma ba a cika maganarsa ba. A allon da mutane da yawa ke da ikon rubutu, lambar asusun da ka gani da safe ba lallai ita ce da rana ba. Ɓarayin intanet sun daɗe da gane darajar wannan ɗan wuri. A 2019 kamfanin tsaro na ESET ya gano wata manhaja a Google Play da ke kwaikwayon MetaMask (manhajar ajiyar kuɗin intanet na kirifto), wadda ke musanya adireshin asusun kuɗin kirifto da mutum ya kwafa da na ɓarawon. Daga 2024 kuma wata yaudara da ake kira ClickFix ta yaɗu: shafi ya nuna maka kamar yana son tabbatar da cewa kai mutum ne, ya saka mugun umarni a allonka, ya ce ka danna maɓallin Windows tare da R, ka liƙa, ka danna Enter. Mutum da hannunsa yake buɗe wa ɓarawo. Don haka duk abin da ya shafi kuɗi, a duba farkonsa da ƙarshensa bayan an liƙa, a kuma tabbatar da shi ta wata hanyar daban. Duk layin umarni da aka ɗauko daga allon tarayya, a fara liƙa shi a manhajar rubutu zalla a karanta kafin a ba kwamfuta.

To wanne za ka ɗauka? Idan tsakanin na'urorinka ne kuma duk na gida ɗaya ne, yi amfani da wanda ya zo da su, allon intanet ba zai kamo shi a sauri ba. Idan gauraye ne kuma suna haɗuwa a Wi-Fi ɗaya, KDE Connect. Tura wa kai saƙo ya isa ga abin da ba ka damu ya daɗe ba, kamar adireshin wani labari ko jerin abubuwan da za ka yi. Idan kwamfutar ba taka ba ce, ko an hana girka manhaja a kanta, allon intanet mai kullewa da wa'adi ya fi duk sauran, domin ba ya neman ka shiga wani asusu. Idan da wasu mutane kake aiki, kada ka haɗa allunanku kai tsaye ko da kun yarda da juna: abu ɗaya mai muhimmanci ya bi ta irin PrivateBin, miƙe-miƙen yini kuma ta faifan tare. Kalmomin sirri na ƙungiya suna da nasu gida, wato ma'ajiyar kalmomin sirri mai damar rabawa, inda za a iya janye izinin mutum ranar da ya bar aikin. Wanda kuma ke aiki da bayanan wasu, kamar na marasa lafiya ko na abokan ciniki, ya fara tambayar ƙa'idar wurin aikinsa kafin ya liƙa ko layi ɗaya a shafin waje, domin ba sirrinsa ba ne balle ya yi kasada da shi.

Kafin ka miƙa wa kowane allo aikinka, ba shi gwajin minti goma. Liƙa jimla mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ ka ga ko sun isa lafiya ko sun koma akwatuna da alamun tambaya. Liƙa ɗan tebur, da layukan da suka fara da tazara, da hoto ɗaya, ka ga wanne ya tsallaka da kamanninsa. Ka sa abokinka ya liƙa nasa a daidai lokacin da kake liƙa naka, ku ga ko ɗaya ya cinye ɗaya. Buɗe adireshin a wata burauzar da ba ta san ka ba, don ka ga abin da baƙo zai gani. Daga ƙarshe zaɓi mafi gajeren wa'adi, ka jira ya cika, ka koma ka duba ko rubutun ya tafi da gaske.